Furar da Dagaci Ya Sha

Wani attajiri, Alhaji Barmo, ya sa aka ajiye buhun shinkafa a zauren Tsahara mai fura, alhali ba ta ce a kawo ba. Ta ɗauka sadaka ce, ta ci da jikokinta. Shinkafa na ƙarewa sai ga kira daga dagaci, aminin Alhaji.

Dagaci ya ce, "Ko ki biya, ko ki dawo da shinkafar, ita dai wadda kika ci."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ban yi ciniki ba."

"Duk abin da ya shigo gidan mutum ya ci, to ya saya!"

"Kai, Allah ya ƙara ilimi! Ko ba a faɗa masa kuɗin ba?"

"Ko ba a faɗa ba."

"Madalla. Furar da na aiko ɗazu fa, ta yi garɗi?"

Dagaci ya shafa gemu. "Ba laifi. Ni da Alhaji muka shanye."

"To, kuɗinta saniya, kowa tasa. In babu, ku dawo mini da furata, ita dai wadda kuka sha."

Dagaci ya yi tari, ya ce ashe ma shinkafar nan kyauta ce.

Tsahara ta durƙusa. "Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Ni dai furata ba kyauta ba ce."