Mayafin da Aka Rataya a Gaban Fitila

Mutawakkil ɗan marigayi Malam Alu na Tamawa matashi ne mai basira. Ni da na shafe shekara talatin da biyar ina aikin koyarwa, goma sha ɗaya daga cikinsu a kujerar hedimasta, ba kasafai nake ba wa ɗalibi irin wannan shaida ba, saboda haka mai karatu ya karɓe ta da nauyinta. Shi da wansa Nu'uman duk a hannuna suka koyi riƙon alƙalami. Sai dai tun yana aji uku na lura da wani hali a tare da shi. Idan ya yi kuskure a rubutu, ba ya ja masa layi ya gyara kamar sauran yara, yage shafin yake yi gaba ɗaya. Ba ya jure a ga mummunan abu da sunansa a kai. Na hore shi a kan wannan fiye da sau ɗaya, halin bai bar shi ba.

Da ya girma sai ya kama sana'ar ɗaukar bidiyo a Dutsin-Ma, a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Ba shi da manyan fitilu irin na masu wannan sana'a a birane. Fitilun caji biyu ne gare shi, sai wayarsa. Amma ya gano abin da da yawa ba su gano ba, wato hasken fitila idan ya faɗa wa fuska kai tsaye yana da kaifi: yana zana inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, ya tona kowane ƙurji da kowane tamoji. Don haka yakan rataya farin mayafi kamar taku ɗaya a gaban fitilar, hasken ya ratso ta cikinsa ya bazu ya yi laushi. Idan babu mayafi, ya ninka gidan sauro biyu, ko ya wanke farin buhu ya ɗaura a kan sanduna. A ƙasa kuma ya jingine babban farantin silba, ya mayar da haske zuwa ƙarƙashin haɓa. Da waɗannan kayan gida yake fitar da hoton da 'yan jami'a da amare ke rububi. Ni kaina ya taɓa ɗaukata a ranar da tsofaffin ɗalibai suka karrama ni, kuma ba zan ɓoye ba, na ga kaina kamar an rage mini shekara goma.

Mahaifiyarsu, Inna Hawwa'u, tana zaune a Tamawa. Bafulatana ce, ko da yake Hausa take yi a gidanta, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda iyayenta suka riƙe. Nu'uman shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama a tabarma ɗaya da shi, ba ta tambayar yaushe zai zo. Idan dole ta ambace shi sai ta ce “na Fatakwal,” domin can yake aikin jinya a wani asibiti. Amma kowa a gidan ya san maganarsa kaɗai take ji. Abin da ya ce a yi, shi take yi, ko da ta juya baya lokacin da ake faɗa mata.

A daminar da abin ya faru, ciwo ya kama ta. Ta daina cin tuwo, ƙafafunta suka kumbura, farin idonta ya rine. 'Yarta Lauratu, wadda ke aure a Kurfi, ta dawo gida jinya. Ta yi ta roƙo a tafi asibiti, Inna ta ce zazzaɓin damina ne, jiƙo ya ishe ta. Da Lauratu ta gaji sai ta kira wanta a ƙaramar wayarta.

“Yaya, jikin Inna fa ba daɗi. Ka zo.”

“Lauratu, bara ma haka kika ce, na kwana biyu a hanya na tarar da ita tana surfe,” in ji Nu'uman. “Hutuna sai nan da sati biyar. In na nemi izinin gaggawa za a ba ni, amma sai na san abin da nake nema a kai. Ki gaya wa Mutawakkil ya zo ya ɗauko mini ita a bidiyo. A waje nake so, a hasken rana. Ya matso da waya kusa da idonta, ya nuna mini tafin hannunta da ƙafarta. In na gani zan san ko in taso gobe.”

A unguwarsu sabis ba ya ɗaukar kiran bidiyo, don haka sai dai a ɗauka a kai gari a tura. Washegari da hantsi Mutawakkil ya hau babur ya iso da fitilunsa a jaka. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙofar ɗaki, Lauratu ta tallafe ta ta zauna. Ya ɗauka yadda aka ce masa, minti biyu cur. Sa'an nan ya koma inuwa ya kalli abin da ya ɗauka. Rana ba ta rage komai ba. Kumatu sun faɗa, ƙasusuwan wuya sun fito, idanu sun yi kalar ƙwanduwar ƙwai. Ya yamutsa fuska.

“Wannan ba aikina ba ne,” ya ce.

“Aikin wa ne? Ba kai ka ɗauka ba?” in ji Lauratu.

“Dubi inuwar nan a ƙarƙashin idonta. Kamar wanda ya fara riƙe waya jiya. In Yaya ya nuna wa abokan aikinsa su ce wa ya ɗauka, sai a ce ni?”

“Ba biki ya ce ka ɗauko masa ba, malam mai hoto. Ido ya ce yana son gani.”

“Ido zai gani. Amma uwata ce, ba zan tura ta duniya a haka ba.”

Inna tana jin su. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ku gyara yadda ya kamata. Kada a tayar wa mutane hankali a bakin aikinsu.”

Wajibi ne in tsaya a nan in yi wa mai karatu bayani, domin 'yan zamani ba lallai su fahimta ba. Mace irin Inna Hawwa'u ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a kira mata ɗan farinta ba, ko da ranta na fita. Yardar da ta yi aka fito da ita rana, ta buɗe ido a gaban waya, ta miƙa tafin hannu, ita ce iyakar kiran da al'ada ta bar mata. Abin da ta faɗa da baki kuwa kunya ce ta faɗa. Lauratu ta san haka. Mutawakkil ma a gidan aka haife shi, ya sani. Amma maganar ta zo daidai da abin da ransa ke so, sai ya riƙe ta.

“Kin ji ko? Inna ma ta faɗa,” ya ce. Ya danna waya ya goge na farkon.

Aka mayar da ita ɗaki. Ya toshe taga da tabarma. Ya ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, ya nemi farin mayafi bai samu ba, sai ya karɓi na Lauratu mai ruwan madara ya rataya a gaban fitila. Hasken da ya ratso ya yi taushi, ya kuma ɗauko launin mayafin ya shafa wa komai: bango, ɗankwali, fata da ido duk suka koma launi ɗaya mai ɗumi, ta yadda ba mai iya cewa ga inda rinin ciwo ya fara. Ya sa Lauratu ta riƙe farantin silba a ƙasa, ramukan kumatu suka cike da haske. Ya ja zane ya rufe ƙafafun, domin a cewarsa suna ɓata tsarin hoton. Ya ce Inna ta ɗan yi murmushi, ta yi.

“Inna, ki ce wani abu.”

“A gaida na Fatakwal. A ce muna lafiya.”

Lauratu ta ajiye farantin ta fita.

Da la'asar Mutawakkil ya dawo Dutsin-Ma ya tura wa Nu'uman. Har gidana ya biyo ya nuna mini, yana bayanin yadda mayafi ɗaya da faranti ɗaya suka yi aikin fitilun kamfani. Na kalla, na ce masa aiki ya yi kyau, na kuma ce in ya koma ya gaishe ta da sauƙi. Ban san an goge wani ba. Ya kuma ɗora wani yanki a shafinsa na sada zumunta, yana koya wa masu sana'a irin tasa dabarar. Mutane da yawa suka yaba.

Nu'uman ya kira Lauratu bayan ya kalla.

“Alhamdu lillahi. Na ga ta rame kaɗan, amma idonta garau. Ki ci gaba da ba ta kunu da ruwa. In hutuna ya zo ni zan kai ta asibiti da kaina.”

“Yaya, ba haka take ba. Fitila ce.”

“Fitila ba ta canza ido, Lauratu. Na gani da idona. Ke dai kin cika tsoro.”

Ta nemi Mutawakkil ya dawo ya sake ɗauka a waje. Ya ce yana da ɗaurin aure a Kuki ranar Asabar, sai bayan nan. Bayan nan kuma wani aikin ya taso. Ta sake kiran Nu'uman sau biyu, ya ce sauran sati uku, ta yi haƙuri. Ta ce wa Inna a tafi asibiti, Inna ta tambaya, tana kallon bango, “Shi ya ce?” Lauratu ba ta iya yi mata ƙarya ba.

Kwana goma sha tara bayan ɗaukar bidiyon, ranar wata Talata da walaha, Inna Hawwa'u ta rasu. Aka yi jana'iza bayan azahar. Nu'uman ya iso ranar Alhamis, ya tarar da ƙasa ta fara bushewa a kan kabarin. Ina wurin zaman makoki lokacin da ya dawo daga maƙabarta. Bai yi kuka ba. Ya gaisa da kowa bi da bi, ya karɓi ta'aziyya, ya sha ruwa. Da mutane suka ragu sai ya kira ƙannensa biyu zaure. Na tashi zan ba su wuri, ya ce, “Baba Hedimasta, zauna, kai ma uba ne.”

Ya tambayi Lauratu yadda idon Inna yake a ranar da aka ɗauke ta. Ta faɗa masa. Ya tambayi ƙafa, ta faɗa masa. Ya tambayi launin fitsari, da ko tana susa, da yaushe ta daina gane mutane. Tana amsawa yana gyaɗa kai, kamar yadda na tabbata yake yi wa dangin marasa lafiya a wurin aikinsa. Sa'an nan ya juya ga Mutawakkil.

“Na ce a waje.”

“Na ɗauka a waje, Yaya.”

“Ina yake?”

“Bai yi kyau ba. Na goge.”

Nu'uman ya ciro wayarsa ya buɗe bidiyon. Muka ji muryarta tana cewa a gaida na Fatakwal. Ya bar shi ya kai ƙarshe, ya kife wayar a kan tabarma.

“Ban ce da na zo da ta rayu ba,” ya ce. “Wannan na Allah ne, kuma irin ciwon nan wani lokaci ko an kai asibiti ba ya jin magani. Amma da na gani da na taso a ranar. Shekara arba'in ba ta kira ni ba. Rana ɗaya ta fito waje don in gan ta.”

Mutawakkil ya ce, “Yaya, ka yafe mini.”

“Na yafe. Ka sauke wanda ka ɗora a shafinka.”

Ya tashi ya fita yin alwala. Bai ɗaga murya ba a ranar, bai kuma sake tayar da maganar ba. Bayan addu'ar bakwai ya koma bakin aikinsa. Shekara biyu ke nan. Yana aiko wa Lauratu saƙo, yana zuwa Tamawa da sallah, yana amsa gaisuwar ƙanensa cikin mutunci, daga nan ba ya ƙara kalma. Mutawakkil yana nan a shagonsa, aiki bai ragu ba, an ce ma ya ƙaru. Nakan wuce ta ƙofarsa in na fito sayen goro. Yana gaishe ni, ina amsawa. Ban san abin da zan ce masa ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. Tausasa haske da mayafi ko buhu ko faranti dabara ce mai kyau, kuma ina yaba wa duk matashin da ya nemi sana'a da abin da ke cikin ɗakinsu. Amma kafin mutum ya rataya komai a gaban fitila, ya fara tambayar kansa don me aka ce ya ɗauki hoton. Wanda aka ɗauka don ado, a ƙawata shi. Wanda aka ɗauka don wani ya ga gaskiya ya yanke shawara, amana ce, kuma gyara shi ƙarya ce ko da ba a furta kalma ɗaya ba. Duk wanda ya fifita kyan aikinsa a kan buƙatar wanda ya aike shi, ya sani cewa zai iya samun yabon baƙi, ya kuma hana ɗan'uwansa abin da ba za a sake ba shi ba.