Kwaɗo Biyu a Ƙofar Rumbun Iri

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda Allah ya ajiye 'yar ƙasarsa tsakanin manyan dauloli biyu, ta Gabas da ta Yamma. Ubansa ya taɓa aron dawaki da mayaƙa a hannun kowaccensu, ya mutu bai biya ba. Sai sarakunan nan biyu suka haɗu a bakin iyaka suka yanke shawara kan dukiyar Jatau, ko gayyatarsa ba su yi ba. Suka ce a sa kwaɗo bibbiyu a baitulmali da kuma babban rumbun sarki, kowace daula ta aiko jakada ya riƙe mabuɗi ɗaya.

Gabas ta aiko Nomau, Yamma ta aiko Anaruwa. Kai, ban taɓa jin kishi irin na mutanen nan ba! In sarki ya aika wa Nomau rago, sai Anaruwa ya tura bara ya dubo tsawon ƙahonsa. In aka fara gaida Anaruwa a fada, ranar Nomau ko tuwo ba ya iya haɗiya.

To, al'adar ƙasar ita ce, dab da faɗuwar damina sarki ke buɗe rumbu ya raba wa talakawa irin shuka, su mayar bayan kaka. Bara an yi fari, mutane sun cinye nasu irin. In ruwa ya sauka ba a buɗe rumbun nan ba, gonaki za su kwana fayau, yunwa ta share gari.

Hadari ya fara haɗuwa, sarki ya kira jakadun ya roƙe su. Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ban ƙi ba. Amma jakadan Gabas ba ya zuwa ƙofa ya tsaya jiran wani kamar bawa. Shi ya fara zuwa."

Anaruwa ya yi tsaki ya ce, "Ji mini mutum! Yamma ce za ta jira Gabas? Sai dai gero ya ruɓe."

Suka karkaɗe riguna, kowa ya fita ta ƙofa dabam.

Sarki ya dubi wazirinsa, wani tsoho mai suna Mijinyawa, ya ce, "Waziri, ka ga inda giwaye suka sa ciyawa. Mece ce dabara?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai, sai dai tana da ɗaci. Ka san wanda ya ɗebi ƙwaryar farko ranar buɗe rumbu shi ne Uban Damina, sunansa makaɗa ke kira a kowace gayya har a yi girbi. Ka sa a yi shela cewa bana ka sauka. Jakadan da ya ɗebi ƙwaryar farko, sunan sarkinsa za a kira."

Fuskar sarki ta murtuke. Ya ce, "Sun karɓe mabuɗi, yanzu kuma sunana za su karɓe? In zauna a gidan ubana ina jin ana kirarin wani a gonakina? Wallahi zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Zaki, kishin nan naka gaskiya ne, ni ma yana ci na. Amma in ba a yi shuka ba, wa zai rage ya kira sunan naka?"

Idanun sarki suka kaɗa. Can ya ce, "A yi shelar."

Ai kuwa gari na wayewa sai ga jakadun nan da ba sa jiran kowa suna rige-rige. Nomau ya zo rawani a warware, Anaruwa takalmi ƙafa ɗaya. Kafin ka ce kwabo, kwaɗo biyu sun faɗi ƙasa. Suka yi wa ƙwaryar cafka tare, wannan ya riƙe baki, wancan ya riƙe baki, ga talakawa cike da fili da buhunansu suna kallo.

"Saki, ni na riga ka!" in ji Nomau.

"Ka riga wa? In Gabas ta ɗebi geron nan, ubangijina zai sa a fille mini kai."

"Ni kuwa in aka kira sunan Yamma a gona ɗaya, ba ni ba komawa gida."

Suka yi ta ja har gumi ya jiƙa musu riguna. Waziri ya matso a hankali ya ce, "Manyan baƙi, ƙwaryar ta tsufa, kada ta fashe. Ku zaɓi ɗaya a cikinku mana."

Anaruwa ya ce, "Da dai wannan ya samu, gara a ba mai gari!"

Nomau ya ce, "A ba shi! Ni ma na fi son haka."

Sarki Jatau ya karɓi ƙwarya, ya yi bismilla ya ɗiba. Makaɗa suka goce da sunansa, mata suka rangaɗa guɗa. Aka wuni ana rabo, kuma kafin a gama shuka ruwa ya sauka sosai.

Da labari ya kai wa manyan sarakunan, kowannensu ya tsorata kada baɗi jakadan ɗan'uwansa ya yi sammako ya riga nasa. Manzanni suka yi ta kai da kawowa, Gabas ta ce a cire kwaɗon Yamma, Yamma ta ce a cire na Gabas. Daga ƙarshe aka cire duka biyun daga rumbu, aka bar na baitulmali har a gama biya. Kowane sarki ya yi wa jakadansa kyautar alkyabba don ya hana abokin gaba.

Ranar da aka dawo da rumbu hannun sarki, ya tambayi Waziri a gaban fadawa, "To, da a ce mutanen nan suna ƙaunar juna fa?"

Waziri ya ce, "Allah ya taimake ka, da yanzu ni da kai muna ɗaukar musu buta."

Sarki ya juya ga limamin fada ya ce, "Malam, a yi mana addu'a. Allah ya ba Gabas da Yamma lafiya da tsawon rai, amma kada ya shirya tsakaninsu."

Liman ya yi mamaki, don bai taɓa yin irin wannan roƙo ba. Sa'an nan ya ɗaga hannu, fada duka ta ce amin.