Wayar da Injiniya Ya Yanke

A wani gari an yi wani mai gyaran kayan lantarki da ake kira Injiniya. Hannunsa na da kyau, ba a musu. Sai dai Allah ya yi shi da rashin haƙuri. In abu ya ce masa dakata, gani yake raini ne, ko da abin nan na'ura ce.

Mahaifinsa ya daɗe da shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya rage masa na 'yanci shi ne kujerarsa mai taya, wadda ke tafiya da batir. Da ita yake zuwa bakin titi wajen abokansa, ya dawo ba tare da ya roƙi kowa ya tura shi ba. Aibinta ɗaya, cajarta na da nawa.

Wata rana Injiniya ya kwance cajar a kan teburinsa. Yayarsa, wadda ke kula da tsohon, ta shigo ta ga sukurori a warwatse.

"Kai, me ka yi wa cajar Baba?"

"Wayewa zan koya mata, Yaya." Ya nuna mata wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu a kan allon da ke cikin cajar. "Wannan aisi shi ke ba batir wuta, amma kurma ne, ba ya jin umarni. Zan cire shi in sa wani mai jin magana, in haɗa shi da 'yar ƙwaƙwalwa wadda zan rubuta wa umarni da kwamfuta. In na ce ƙara wuta, ya ƙara."

"Wa ya kawo maka ƙara?"

"Jira ne ba na so Baba ya riƙa yi."

"Shi ai bai gaji da jiran ba. Kai ne ka gaji."

Ya yi tsaki ya ci gaba. Ya narka dalma, ya ɗaga tsohon aisin, ya zaunar da sabon, aiki tsaf. Ya rubuta umarni ya ninka wutar. Batir ya fara sha, Injiniya na murmushi. Can sai jar fitila ta kama, caji ya tsaya. Ya sake kunnawa, ta sake kamawa.

Da ya bincika sai ya gane dalili. Irin wannan batir na litiyam yana da wata siririyar waya ta uku, wadda ba ta ɗaukar wuta. Aikinta kawai ta gaya wa caja zafin jikin batir. Wutar da ya ƙara ta sa batir ɗumi, wayar ta kai rahoto, sabon aisin ya ƙi ci gaba.

Gyaran a bayyane yake: ya rage wutar. Amma ya riga ya cika baki gaban Yaya. Ransa ya ɓaci, ya buga teburin.

"Ni zan saye ka, in dasa ka, sannan ka yi min gardama?"

Ya ɗauki almakashi ya datse wayar. A gurbinta ya liƙa 'yar rizista, wata ƙwaya da kullum amsarta ɗaya ce: batir da sanyi, ci gaba. Fitila ta koma kore. Ya ɗaure cajar, bai gaya wa kowa ba.

Kwanakin farko abin ya yi daɗi. Kafin Baba ya gama karyawa kujera ta cika. Injiniya ya riƙa tsokanar yayarsa: "Ina masu cewa kada a taɓa?"

Ran nan da hantsi, kujerar na jone a falo, Yaya ta ji wani wari mai hawa kai. Ta leƙo ta ga hayaƙi na tsiri daga ƙarƙashin mazauni, batir ya kumbura yana huci. Baba na kan gado a ɗakin da ke kusa, ba ya iya tashi. Ta yi ihu, ta sungume shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta ja shi tsakar gida. Batir ya kama da wuta. Kafin maƙwabta su kashe ta, kujera ta zama ƙarfe baƙi.

Injiniya ya iso da gudu. Yaya ta tare shi a ƙofa.

"Ka zo ganin wayewa? Shiga ka gani! Saura ƙiris ka gasa ubanka, mai hannun ƙaiƙayi kawai!"

"Yaya, wataƙila batirin ne ya tsufa..."

"Rufe min baki!"

Baba na jingine da bango a kan tabarma, yana tari. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya yafito Injiniya.

"Zo nan. Ni ban san aikinku ba, amma na san ka. Na'urar nan ta gargaɗe ka?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ta gargaɗe ni, Baba."

"Me ka yi mata?"

"Na yanke wayar da ke faɗa mata akwai zafi."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Da kuskure ne, da na ce ƙaddara. Amma ka sani, ka ɓoye, ka bar ni ina hawa kanta kullum." Ya juya ga 'yarsa. "Kai ni ɗaki."

Injiniya ya miƙa hannu zai taimaka. Baba ya kau da kafaɗarsa.

"Ba kai ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gyara da ƙirƙira abu ne mai kyau, amma duk wanda gargaɗi ya tsaya masa a hanya, to ya nemi abin da ya jawo gargaɗin, kada ya toshe bakin mai yin sa. Yanke wayar bai rage zafin batir ba, hana a sani kawai ya yi. Kuma gaggawar da muke yi da kayan da wani ya dogara da su, sau da yawa shi ne ke ɗanɗana kuɗarta kafin mu.