Bijimin Alhaji Badaru da Wayifai

Akwai wani mai kiwon shanu a wani ƙauye kusa da Gezawa, ana ce masa Alhaji Badaru. Mutum ne da ba a gaya masa magana, komai shi ya fi kowa sani.

Bana ya turke wani bijimi, wata bakwai yana ɗura masa dusa da harawa. Wani dillali a Legas ya ce zai saya, amma sai ya gan shi ta kiran bidiyo ranar Laraba.

To, sabis ba ya kaiwa can ƙarshen gida inda turken yake. Sai Alhaji ya kira Muhsina, 'yar ƙaninsa, wadda aikinta a Kano shi ne kafa wa mutane wayifai. Ta kafa na'urar wayifai biyu, ɗaya a zaure, ɗaya kusa da turke, sannan ta rage ƙarfin ta zauren.

"Ke! Me kike ragewa?"

"Baba, in ta zaure ta yi ƙarfi da yawa, wayarka maƙale mata za ta yi ko ka yi nisa. In an rage, sai ta sake ta, ta kama ta kusa."

"Ji min yarinya! A gabana fa aka raɗa miki suna. Ni Badaru, a ce abu ba shi da ƙarfi a zaurena? Ƙure shi!"

Ta ce to, ta ƙure.

Ranar Laraba ya tara maƙwabta su sha kallo. Dillali ya kira, aka gaisa a zaure lafiya lau. Alhaji ya nufi turke, jama'a na biye, yana cewa, "Yanzu za ka ga ikon Allah!"

Bai sani ba, tun daga gindin rumbu hoton ya tsaya cak. Ya juya waya kan bijimi, ya yi ta zuba: ga tozo, ga ƙirji, ga cinya!

Can sai muryar dillali ta fito da kyar: "Alhaji, ni fa tun ɗazu hancinka nake kallo. In shi ne na sayarwa, ba na so."

Kira ya katse. Wayyo, jama'a sai dariya, har da masu riƙe ciki!

Kafin la'asar dillali ya sayi na wani. Alhaji ya ji kunya ƙwarai. Da kansa ya je wajen Muhsina, murya ƙasa-ƙasa: "'Yar nan, don Allah zo ki rage abin nan."

Bijimi dai yana nan, yana cin dusa.

Darasi: In mai sani ya ce ka rage, ka rage, ko da a gabanka aka haife shi. Girman kai asara yake jawowa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda ba a gaya masa magana a gidanku.