Ranar da Ilu Mai Zogale Ya Ce Bai Sani Ba

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Ilu. Rumfa gare shi a bakin kasuwa, yana sayar da zogale da kuka da zuma da tsamiya. Ilu ya san ganye, ya san abin da ke gyara ciki. Mai jego ta zo, ya ce ta sha kunun kanwa. Mai kumburin ciki ya zo, ya ce ɗan jiƙa kanwa ka sha. Ana samun sauƙi, ana sa masa albarka. Sunansa ya kai ƙauyuka.

To, ku saurara.

Ran nan kasuwa ta cika, sai ga wata mata, Tabawa, idonta ya yi ja. Mijinta Barau yana kwance, likita ya ce ƙodarsa ta taɓu. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. An ba su magani, an ce su koma su ga mai kula da abincin marasa lafiya, ba su koma ba. Layin asibiti ya gajiyar da ita, ga Ilu kuma kusa.

Ta ce, "Malam Ilu, don Allah ka faɗa min abin da zan riƙa dafa masa. Duk abin da ka ce shi zan yi."

Jama'a, kun ji maganar? Duk abin da ka ce! Mutane sun taru suna jiran amsa. Kunun kanwa yana kan harshen Ilu, don shi ya saba faɗa. Ya buɗe baki, ya rufe.

Ya ce, "Baiwar Allah, ban sani ba."

Ta ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Ni ma. Abincin mai lafiya na sani, da na mai ƙaramar lalura. Na mai ciwon ƙoda ban karanta ba, ban gada ba. In na faɗa miki, kintace kawai zan yi, kuma ran mijinki ya fi ƙarfin kintace."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Maƙwabcin rumfarsa ya ɗago wata kwalba yana kiranta, wai shi ya sani. Ku kun san irinsu, babu ciwon da ba su da maganinsa, daga ciwon kai har rashin miji.

Ilu ya miƙe. Ya ja tabarma ya rufe kayansa, ranar kasuwa fa, ya ce, "Taso mu je asibitin. Ni zan tsaya miki a layi."

Ya tsaya har rana ta karkata, suka shiga wurin Malama Asabe, wadda karatun abincin marasa lafiya ta yi. Ta duba sakamakon gwajin jinin Barau, ta ce wa Tabawa, "Yaya, faɗa min duk abin da ke shiga tukunyarki."

Tabawa ta fara jerowa: gishiri, dunƙule, daddawa, kanwa a miyar kuka, kanwa a wake, kunun kanwa da safe don ya ji ƙarfi.

Malama Asabe ta ce, "Tsaya nan. Kanwar nan da gishirin suna cikin abin da ke tara masa ruwa a jiki. Daga yau a janye su."

Ilu na tsaye yana ji. Abin da ya kusa faɗa ke nan. Ya dafa bango yana cewa, "Alhamdu lillahi da Ka riƙe min harshe."

Kada ku ɗauka an yi masa tafi. A kasuwa suna aka sa masa, Ilu Ban-sani-ba. Wasu suka daina zuwa rumfarsa. Ya haƙura, yana zama da zogalensa.

Damina ta wuce. Wata safiya yana kakkaɓe tabarma, ya ji sallama. Ya ɗago, ga wani mutum ramamme yana murmushi, Tabawa a bayansa. Mutumin ya ce, "Ni ne Barau. Ban warke sarai ba, ina nan kan magani da abincin da aka tsara min. Amma dubi ƙafata." Ilu ya duba. Takalmi ne a ƙafar, ya shiga daidai. Barau ya kama hannunsa, sai hawaye.

'Yan'uwa, wallahi ina gode wa Allah da Ya halicci irin su Ilu. Darasin a fili yake: faɗin "ban sani ba" a inda ba ka sani ba amana ce, kuma tana iya ceton rai. Mai ganye da aikinsa, wanda ya karanci abincin mara lafiya da nasa. In ciwo ya yi nauyi, ku nemi wanda zai duba jininku kafin ya duba tukunyarku. Ku kuma masu zuwa dubiya, da kowa ke shiga da shawararsa, "sha kaza, ci kaza", ku ji tsoron Allah. In an tambaye ka yau abin da ba ka sani ba, ka tuna ƙafar Barau, ka riƙe harshenka, ka raka mutum wurin wanda ya sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu gaskiya da alheri.