Kura Ta Manta da Dawowa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta!

Kura ta tare Akuya, saura zango uku Akuya ta kai gida. Akuya ta ce, "Yaya Kura, namana ba ya ciyuwa sai da yaji. Ga kasuwa can bayanki, zango biyu."

Kura ta ce, "Guduwa za ki yi, munafuka. Amma guduna biyun naki ne. Biyu da uku, biyar. Kafin ki ci uku, na ci shida!" Ta zabura kasuwa.

Akuya ta sheƙa gida. Kura ta iso da yaji tana haki, ta tarar an rufe ƙofa.

Akuya ta leƙo ta katanga ta ce, "Bakwai ne, Yaya! Kin ƙirga zuwa, kin manta dawowa. Lashi yajinki!"

Ƙurunƙus kan Kura. Ku tashi haka.