Facin da Injiniya Ya Ɓoye

Ya 'yan uwa, tun kafin in fara ina gaya muku, labarin nan ba ya ƙarewa da daɗi. Duk mai ɗa ko ƙane da ke hawan keke ya gyara zama.

An yi wani mutum mai gyaran keke, ya fi shekara ashirin a sana'ar. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, ƙafafun keke rataye a rufi, daron ruwa a bakin ƙofa don gwada tif, robar nan ta cikin taya mai riƙe iska. Kowa Injiniya yake ce masa. Da kunne yake gane ciwon keke tun mai shi bai sauka ba. 'Yan tseren garin ba su yarda wani ya taɓa musu keke in ba shi ba.

Shi ma ya san haka, kuma nan cutar take. Ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Yana da ƙane, autansu, wanda ya rena tun rasuwar mahaifinsu. Auta ya girma, ya yi aure, matarsa na goyo, kuma shi ne gwanin ƙungiyar tsere. In ya turo kekensa shago sai ya ce, "Yaya, a duba min amaryar nan, tari take yi."

Injiniya ya ce, "Lafiyarta lau. Angon ne ya yi mata nauyi. Ka rage ci."

Ana saura kwana biyu a yi babban tsere, kocin ƙungiya ya kawo kwali ɗaya na wani sabon irin tif. Ba baƙar robar da muka sani ba ce. Siriri ne kamar leda, kana hango yatsanka ta cikinsa, in an naɗe shi bai kai ƙwan kaza ba. 'Yan tsere na son sa saboda rashin nauyi, don a wajensu nauyin cokali ma kaya ne in ana hawan tudu. Kowane mahayi uku: biyu a taya, ɗaya na ko-ta-kwana a aljihun baya.

Koci ya ce, "Injiniya, akwai takarda a ciki, ka duba. An ce ba a sa masa ƙarfe, da yatsa ake tura tayar."

Injiniya ya yi dariya. "Koci, ina sa taya kana wasan ƙasa. Yau takarda ce za ta koya min?"

Da koci ya tafi, ya ɗauki ƙarfensa na tura taya na kullum, ya bi kekunan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, ya ba su iska, ya jera su jikin bango. Ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo, taya bakwai sun kwanta. Bakin ƙarfen ya cije tif bakwai, kowanne da 'yar huda kamar ta allura. Biyu daga ciki na keken Auta ne.

To, me ya rage masa? Ai sai dai ya kira koci ya ce, "Na ɓata." Magana ce da ba ta kai numfashi guda ba. Da an yi tsaki, an yi masa tsiya kwana biyu, an mayar da tsohuwar roba, shi ke nan. Amma ya tuna dariyar da ya yi, sai harshe ya yi masa nauyi.

Ya janyo ƙofar shago. Ya ɗauko sholisho, gam ɗin nan na masu gyara, da faci irin na baƙar roba, ya lilliƙe su. Sai a lokacin ya buɗe takardar, ya ga an rubuta cewa irin wannan tif yana da facinsa daban, sholisho ba ya kama shi. Ya karanta da idonsa. Amma ya tsoma su a daro, bai ga kumfa ba, ya ce Allah ya rufa asiri. Ku ji fa, ya 'yan uwa. Ha'inci ya yi, ya kira shi rufin asiri.

Guda biyar ya mayar cikin tayoyin sauran mahaya. Da ya zo kan keken Auta sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗauko sababbi biyu daga na aljihu, ya sa wa ƙanensa da yatsa, a hankali, yadda takarda ta ce. Masu facin biyu kuwa ya naɗe su tsaf, ya mayar cikin 'yan kwalayensu kamar ba a taɓa buɗewa ba.

Wannan ya nuna ya sani. Wanda bai san akwai haɗari ba, me zai sa ya ware nasa?

Ranar tsere da hantsi, Auta na gaba, saura kaɗan ya kai ƙarshen tudu, ya taka kwalba, tayar gaba ta sace. 'Yan tsere suna da wata ɗabi'a mai kyau: in na gabansu ya yi faci, ɗan ƙungiyarsa yakan sadaukar da nasa tseren ya ba shi ƙafar kekensa. Wani abokinsa da ake kira Dogo ya diro, ya kwance ƙafar gaba ya miƙa masa.

"Karɓi, Auta! Je ka, kada ka ba mu kunya!"

Ƙafar Dogo na cikin biyar ɗin nan.

Bayan tudu sai doguwar gangara mai kwana-kwana. Mai gangara yana ta matsa birki, birki na ɗumama ƙarfen ƙafa, zafi na shiga taya. Facin da ya riƙe a ruwan sanyi bai riƙe a wannan zafi ba. A kwana ta uku ya saki. Na bayansa sun ce sun ji ƙara kamar an yaga zane, sai suka ga keke a sama.

Injiniya na can ƙasan gangara da gorar ruwa a hannu, yana jiran ya tari ƙanensa.

Auta bai mutu ba. Bayansa ne ya karye. Yana kwance a ɗakin mahaifiyarsu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Matarsa ke ba shi abinci a baki, ɗansu na rarrafe a gefen katifa.

Kullum da yamma Dogo yakan zo ya juya shi, ya goge masa baya, sannan ya fita zaure ya yi kuka. "Ni na ba shi ƙafar nan. Da na riƙe abina, da yanzu yana tafiya." Injiniya na zaune yana ji. Tif ɗin da ya fashe yana aljihunsa, don tun a wurin haɗarin ya zare shi ya ɓoye. Wata huɗu yana kallon wani na ɗauke da kayan da shi ya ɗaura, bai ce uffan ba.

Sauran huɗun da ke cikin taya ya cire su a ɓoye lokacin da aka kawo kekunan gyara. Saura biyu na aljihu. Ya yi ta bugun cikin mahaya da wasa, ashe tif ɗin biyu sun riga sun bar hannunsu. A kan hanya, duk mai keken da aka gani tsaye da faci, ko ba a san shi ba, akan jefa masa tif a wuce. Haka aka kyautar da su.

Daga nan ya fara jin iska na fita. Yana cin abinci, ya ji sssss. Yana sujada, ya ji sssss. Ya tashi ya bi tayoyin shago yana latsawa, duk lafiya. Ya kai har in ya tsoma hannu a daro sai ya ga kumfa na tasowa, alhali babu komai a ruwan.

Wata ranar Laraba ya shiga ɗakin da Auta ke kwance, Dogo da mahaifiyarsu na nan, ya zaro tif ɗin ya ajiye a kan tabarma, ya faɗi komai. Har da biyun da ya ware wa Auta.

Ba wanda ya yi ihu. Dogo ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Tsohuwar ta dubi Injiniya ta ce, "Nawa ka tsare ke nan. Sauran fa? Su ba uwa ce ta haife su ba?"

Auta ya rufe ido ya ce, "Inna, ki ce ya fita."

Shagon yanzu a rufe yake. In kun bi hanyar da 'yan keke ke atisaye da safe, za ku ga wani mutum a gefen titi, ya rame, yana ɗaga hannu. "Bawan Allah, tsaya in ga tif ɗinka. Don Allah, minti ɗaya." Waɗansu sukan tsaya. Da yawa sukan kauce, suna zaton ya taɓu.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba ya shan komai, ba ya fashin sallah. Girman kai ne ya hana shi cewa "na ɓata", ha'inci ya zo ya rufe masa, son kai ya sa ya ga ran ƙanensa ya fi na 'ya'yan mutane. Kai mai ɗinki, kai mai gini, ke mai ba da magani, wane aibi ka rufe a inda ido ba ya kaiwa? Wa ya gaya maka a hannun baƙo zai tsaya?

Ni ma ɗana na fari yana tseren nan. Na sa ya buɗe tayoyinsa a gabana, na shafa da hannuna, babu faci. Amma gobe in ya taka ƙusa, wani mai kirki zai jefa masa tif, shi kuma zai yi godiya.

Allah ya kiyaye mu da sharrin abin da hannunmu ya ɓoye, ya sauƙaƙa wa harshenmu amsa laifi tun yana ƙarami, ya tashi kafaɗun marasa lafiyarmu. Amin.

Tif biyu masu faci suna nan a waje. Har yau ba wanda ya san aljihun da suke ciki.